Gerald Ford: Shugaban Amurkan da ba a zaɓa ba, da afuwar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa

Da safiyar Lahadi 8 ga watan Satumbar 1974, Shugaban Amurka Gerald Ford ya je coci ya yi ibada, ya koma Fadar White House, sannan ya zauna gaban kyamarar talabijin ya rattaba hannu kan wata takarda. Takardar ta yi wa tsohon shugaban ƙasa Richard Nixon cikakkiyar afuwa kan duk wani laifi da ya aikata, ko ake jin ya aikata, a cikin fiye da shekara biyar da rabi da ya yi yana mulki.

A ranar, wata ɗaya kacal Ford ya yi a kan kujera, kuma ba zaɓarsa aka yi ba. Har yau shi kaɗai ne a tarihin Amurka ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasa, ya kuma riƙe na shugaban ƙasa, ba tare da jama'a sun kaɗa masa ƙuri'a a ko ɗaya ba.

Jarin da ya shiga fadar da shi guda ɗaya ne: abokai da 'yan adawa duk sun yarda ba maƙaryaci ba ne. Wannan jarin ya ɗora a kan takardar afuwar, kuma bai sake samunsa yadda yake ba har ya bar mulki.

Agolan da ya ɗauki sunan mijin uwarsa

An haife shi ranar 14 ga Yulin 1913 a birnin Omaha na jihar Nebraska, aka sa masa sunan mahaifinsa, Leslie Lynch King. Mahaifin mutum ne mai zafin rai da saurin hannu. Jaririn yana da kwana 16 a duniya mahaifiyarsa Dorothy ta ɗauke shi ta bar gidan, daga baya ta zauna wajen iyayenta a Grand Rapids da ke jihar Michigan.

A can ta auri wani mai sayar da fenti, Gerald Ford, wanda ya riƙe yaron kamar ɗan cikinsa, har ake kiransa da sunansa. Sai a 1935 ya sauya sunan a hukumance. Yana ɗan sakandare, yana aikin wucin-gadi a wani gidan abinci, mahaifinsa na asali ya shigo ya gabatar masa da kansa, ya ba shi dala 25 ya yi tafiyarsa.

Ƙwallon zari-ruga irin na Amurka ne ya fara fito da sunansa. Ya buga wa Jami'ar Michigan wasa, yana cikin tawagar da ta zama zakarar ƙasa a 1932 da 1933, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan tawagar a 1934. A wannan shekarar ce wata jami'a daga kudancin Amurka ta ce ba za ta buga wasa da su ba muddin abokinsa Willis Ward, wanda baƙar fata ne, zai shiga fili. Jami'ar Michigan ta ajiye Ward a gefe. Abin ya ɓata wa Ford rai har ya yi tunanin ƙin bugawa, Ward ɗin ne ya ce masa ya shiga.

Manyan kulob biyu, Detroit Lions da Green Bay Packers, sun yi zawarcinsa, amma ya zaɓi tafiya Jami'ar Yale, inda ya riƙa horar da 'yan dambe da 'yan ƙwallo yana karatun lauya, ya kammala a 1941.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga rundunar sojan ruwa a 1942, ya yi aiki a jirgin yaƙin Monterey mai dakon jiragen sama a tekun Pasifik. A Disambar 1944 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa ayarinsu, ta nutsar da jirage uku, kusan mutum 800 suka mutu. Ford ya zame a kan dandamalin jirginsu, saura ƙiris ya faɗa teku, wani ɗan ƙarfe a gefen jirgin ya tare shi.

Shekara 25 a majalisa

A 1948 ya kayar da ɗan majalisa mai ci, Bartel Jonkman, a zaɓen fitar da gwani na jam'iyyar Republican, ya kuma ci zaɓen Majalisar Wakilai. A tsakiyar yaƙin neman zaɓen, ranar 15 ga Oktoba, ya auri Elizabeth Bloomer, wadda duniya ta sani da Betty Ford. Sun haifi 'ya'ya huɗu.

Sau 13 mutanen mazaɓarsa suna zaɓarsa. Bai yi suna da wata babbar doka ba, kuma ba shi da kaifin harshe a kan mumbari. An san shi ne da ƙwazo wajen bin diddigin kasafin kuɗi, da cika alkawari, da rashin riƙe mutum a zuciya. Yana cikin mutum bakwai na kwamitin da ya binciki kisan Shugaba John Kennedy da aka yi a 1963. A 1965 ya zama shugaban marasa rinjaye a majalisar.

Shugaba Lyndon Johnson ya sha yi masa ba'a cewa ya daɗe yana buga ƙwallo ba hular kwano, wato kansa ba ya ja. Ford bai cika ramawa ba.

Burinsa bai wuce ya zama Kakakin Majalisar Wakilai ba, amma jam'iyyarsa ta kasa samun rinjaye. Ganin haka ya yi wa Betty alkawarin barin siyasa a farkon 1977. Sai dai rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Allura ta tono garma

A daren 17 ga Yunin 1972 aka kama mutum biyar sun kutsa ofishin jam'iyyar Democrat da ke ginin Watergate a birnin Washington, ɗauke da na'urorin satar jin magana. Da farko an ɗauki abin ƙaramar sata, har Nixon ya ci zaɓen wannan shekara da jihohi 49 cikin 50. Amma binciken kotu da na Majalisar Dattawa da na 'yan jarida, musamman Bob Woodward da Carl Bernstein na jaridar Washington Post, ya nuna cewa mutanen suna da alaƙa da kwamitin yaƙin neman zaɓen Nixon, kuma daga fadar shugaban ƙasa ake ƙoƙarin binne maganar.

Ana cikin haka sai wata badaƙalar ta daban ta ci mataimakin Nixon, Spiro Agnew, wanda aka zarga da karɓar cin hanci tun yana gwamnan Maryland. Ya yi murabus ranar 10 ga Oktoban 1973. Gyaran fuska na 25 da aka yi wa tsarin mulki a 1967 ya bai wa shugaban ƙasa damar naɗa sabon mataimaki, da sharaɗin majalisun biyu su amince. Shugabannin majalisa suka nuna wa Nixon cewa Ford ne zai wuce ba tare da rigima ba. Majalisar Dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 92 da 3, ta Wakilai da 387 da 35, aka rantsar da shi ranar 6 ga Disambar 1973.

Ya shafe wata takwas yana zagaya ƙasa yana kare Nixon, domin Nixon ya tabbatar masa ba shi da hannu. Amma an riga an gano cewa Nixon yana naɗar duk maganganun da ake yi a ofishinsa. Ranar 24 ga Yulin 1974 Kotun Ƙoli ta umarce shi ya miƙa kaset-kaset ɗin. A ɗaya daga cikinsu aka ji muryarsa, kwana shida bayan kutsen, yana amincewa a yi amfani da hukumar leƙen asiri ta CIA wajen dakatar da binciken FBI. Da ya ga tsigewa ta tabbata, ya yi murabus.

Da tsakar ranar 9 ga Agustan 1974 aka rantsar da Ford a matsayin shugaban Amurka na 38. A ɗan gajeren jawabinsa ya amince cewa ba ƙuri'ar jama'a ce ta kawo shi ba, ya roƙe su addu'a, ya kuma ce musu doguwar masifar da ƙasar ta shiga ta zo ƙarshe.

Makonnin farko sun yi masa kyau. Ya yi kusan kwana goma yana zuwa aiki daga ɗan gidansa na Alexandria, ana ɗaukar hotonsa yana haɗa wa kansa karin kumallo. Ya buɗe ƙofar fadar ga waɗanda Nixon ya ɗauka maƙiya. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 71 cikin 100 na Amurkawa sun gamsu da shi.

Dalilin afuwar da abin da ta jawo

A taronsa na farko da manema labarai, ranar 28 ga Agusta, tambayoyi da yawa a kan makomar Nixon suka tsaya. Ford ya fito da yaƙinin cewa haka za a ci gaba. Mai gabatar da ƙara na musamman, Leon Jaworski, ya ƙiyasta cewa za a yi wata tara zuwa shekara guda kafin ma a iya fara shari'ar, ban da ɗaukaka ƙara. A lissafin Ford, ƙasar da ke fama da tsadar rayuwa da raɗaɗin yaƙin Vietnam ba za ta iya shafe shekaru tana kallon tsohon shugabanta a gaban alƙali ba.

Bai tuntuɓi shugabannin majalisa ba, bai kuma shirya wa jama'a zuciya ba. Ya tura lauya wajen Nixon a California, Nixon ya karɓi afuwar, ya fitar da sanarwar nadama kan kura-kurai, amma bai amsa cewa ya karya doka ba.

Martanin ya zo da zafi. Sakataren yaɗa labaransa, Jerald terHorst, wanda tsohon abokinsa ne, ya ajiye aiki a ranar. Farin jininsa ya faɗo daga kashi 71 zuwa 49. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne yaran Nixon suna fuskantar shari'a, shi kuwa uban tafiyar ya tsira. A Janairun 1975 kotu ta samu tsohon ministan shari'a John Mitchell da manyan hadiman Nixon biyu, Bob Haldeman da John Ehrlichman, da laifi, kuma kowannensu ya yi fiye da shekara guda a gidan yari.

Sai kuma zargin cewa ciniki aka yi: kujera a bakin afuwa. Zargin yana da tushe, domin ranar 1 ga Agusta, kafin murabus ɗin, shugaban ma'aikatan fadar Alexander Haig ya gana da Ford ya lissafa masa hanyoyin da ke gaban Nixon, ciki har da ya sauka magajinsa ya yafe masa. Washegari Ford ya kira Haig a gaban shaidu ya ce ba zai ba da wata shawara kan batun ba.

Don wanke kansa, ranar 17 ga Oktoban 1974 ya je gaban wani kwamitin Majalisar Wakilai ya amsa tambayoyi a bainar jama'a, abin da ba a saba gani daga shugaba mai ci ba. Ya ce babu wata yarjejeniya tsakaninsa da Nixon, kuma har yau ba a samu wata takarda ko shaida da ta ƙaryata shi ba. Duk da haka, a zaɓen 'yan majalisa na Nuwamba, jam'iyyarsa ta yi asarar kujeru kusan 50 a Majalisar Wakilai.

Tsadar rayuwa da ƙarshen yaƙin Vietnam

Ford ya gaji tattalin arzikin da takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya jijjiga. Hauhawar farashi ta kai kashi 12 cikin 100 a 1974. Maganinsa na farko ya zama abin dariya: ya buƙaci Amurkawa su maƙala baji a ƙirji, su rage tuƙi, su shuka kayan lambu a bayan gida. Ya nemi ƙarin haraji, amma da masana'antu suka fara sallamar ma'aikata sai ya juya ya nemi ragi. Rashin aikin yi ya kai kashi 9 a Mayun 1975. Da yake 'yan adawa ne ke da rinjaye, sau 66 yana hawa kujerar na-ƙi kan dokokin majalisa, ita kuma ta yi gaban kanta a 12 daga ciki. Zuwa ƙarshen 1976 hauhawar farashin ta sauko zuwa kusan kashi 5.

A Afrilun 1975 dakarun Vietnam ta Arewa suka doshi birnin Saigon. Ford ya nemi dala miliyan 722 don tallafa wa sojojin kudu, majalisa ta ƙi. Ranar 30 ga wata birnin ya faɗi, duniya ta ga jirage masu saukar ungulu suna kwashe mutane daga saman gine-gine. Duk da adawar Amurkawa da yawa, Ford ya tsaya kai da fata har aka karɓi 'yan gudun hijira kusan 130,000.

Makonni biyu bayan haka sojojin Khmer Rouge na Kambodiya suka kama jirgin ruwan kasuwanci na Mayaguez. Ford ya tura sojoji. An sako ma'aikatan jirgin kimanin 40, amma sojojin Amurka 41 suka mutu a aikin.

A Agustan 1975 ya sa hannu kan yarjejeniyar Helsinki tare da Tarayyar Sobiyet da wasu ƙasashe 33. An zarge shi a gida da sallama wa Sobiyet gabashin Turai, amma daga baya masu fafutuka a waɗannan ƙasashe sun yi amfani da sashen yarjejeniyar na haƙƙin ɗan'adam wajen matsa wa gwamnatocinsu.

Akwai kuma tabon da ba ya gogewa. Ranar 6 ga Disambar 1975 shi da sakataren harkokin wajensa Henry Kissinger suka gana da Shugaba Suharto a Jakarta. Washegari Indunusiya ta mamaye Timor ta Gabas. Takardun sirri da aka fitar a 2001 sun nuna cewa Suharto ya faɗa musu niyyarsa, kuma ba su hana shi ba. Mutane fiye da 100,000 ne suka mutu a shekarun mamayar.

Wasiƙar da ta fusata Murtala

A Najeriya, an fi tuna Ford da rikicin Angola. Da ƙasar ta samu 'yancin kai daga Portugal a Nuwambar 1975, ƙungiyar MPLA mai samun goyon bayan Sobiyet da Kyuba ce ke riƙe da babban birni, Amurka kuma tana taimaka wa FNLA da UNITA a asirce. Da ta bayyana cewa sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun shiga Angola suna yaƙar MPLA, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA.

Gab da taron gaggawa na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Janairun 1976, Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada su mara wa MPLA baya. Gwamnatin Murtala ta wallafa wasiƙar, ta bayyana ta a matsayin cin mutunci ga Afirka. Ranar 11 ga Janairu, a Addis Ababa, Murtala ya yi jawabin da ake tunawa da shi har yau, inda ya nuna cewa Afirka ta wuce lokacin karɓar umarni daga wata ƙasar waje.

Taron ya tashi an rabu biyu, amma a Fabrairu ƙungiyar ta amince da MPLA. Majalisar Amurka kanta ta riga ta toshe kuɗin da ake kashewa a yaƙin. Bayan kisan Murtala ranar 13 ga Fabrairu, gwamnatin Obasanjo ta ƙi karɓar baƙuncin Kissinger a rangadin da ya yi na Afirka a wannan shekara.

Zaɓen 1976

A Satumbar 1975 mata biyu suka yi yunƙurin harbe Ford a California, kwana 17 tsakani. Ta farko, Lynette Fromme, an riƙe ta kafin bindigar ta tashi. Ta biyu, Sara Jane Moore, ta yi harbi ta kuskure. Ga kuma ba'ar masu barkwanci, tun da ya yi tuntuɓe a matakalar jirgi a Ostiriya suka mai da shi sakarai a talabijin, alhali yana cikin shugabannin Amurka da suka fi ƙwarewa a wasanni.

A jam'iyyarsa ma bai sha da daɗi ba. Ronald Reagan ya ja da shi har zauren babban taro, inda Ford ya tsira da wakilai 1,187, Reagan yana da 1,070. Ɗan takarar Democrat, Jimmy Carter, tsohon gwamnan Georgia, ya gina yaƙinsa kan alkawarin ba zai yi wa Amurkawa ƙarya ba, ya kuma fara da tazarar fiye da maki 30. Ford ya cike kusan duka giɓin, sai ya yi suɓutar baki a muhawarar 6 ga Oktoba, inda ya ce gabashin Turai ba ya ƙarƙashin ikon Sobiyet.

Carter ya ci da ƙuri'un wakilan masu zaɓe 297, Ford yana da 240. A ƙuri'un jama'a tazarar kusan kashi 2 ce. Masu sharhi da dama suna ganin a zaɓe mai ƙunci haka, afuwar kaɗai ta isa ta kayar da shi. Muryarsa ta dishe saboda yawan jawabi, Betty ce ta karanta saƙon amsa shan kaye. Ya bar mulki ranar 20 ga Janairun 1977, bayan kwana 895, kuma abin da Carter ya fara yi a jawabin rantsuwarsa shi ne gode masa kan ƙoƙarin warkar da ƙasar.

Yadda ra'ayi ya sauya

Bayan mulki ya koma Rancho Mirage a California. An soke shi kan maƙudan kuɗin da ya riƙa samu daga jawabai da kujerun daraktocin kamfanoni. Betty, wadda ta fito fili ta bayyana cutar kansar mama da ta same ta a 1974, ta kuma fito ta bayyana jarabar barasa da ƙwayoyi da ta yi fama da ita, ta kafa cibiyar gyaran masu shaye-shaye a 1982. Shi da Carter suka zama aminai tun daga tafiyar da suka yi jana'izar Shugaba Anwar Sadat na Masar a 1981.

A 2001 gidauniyar ɗakin karatu na John Kennedy ta ba shi lambar yabo ta jarumtar siyasa, kuma saboda afuwar aka ba shi. Sanata Edward Kennedy, wanda ya yi tir da afuwar a 1974, ya tsaya a wajen bikin ya ce lokaci ya nuna Ford ne ke da gaskiya. Bob Woodward ma ya sauya ra'ayi.

Amma ba kowa ya sauya ba. Masu suka suna cewa afuwar ta hana kotu tabbatar da cewa doka tana hawa kan kowa, ta kuma koya wa shugabannin da suka biyo baya cewa babban mutum yakan sha. Suna kafa hujja da hirar talabijin ta 1977, inda Nixon ya nuna cewa abin da shugaban ƙasa ya yi ba ya zama karya doka. Sai a 2023 aka fara gurfanar da wani tsohon shugaban Amurka kan tuhumar aikata laifi, wato Donald Trump, kuma muhawarar ta sake tasowa.

Ford ya rasu ranar 26 ga Disambar 2006 yana da shekara 93. An binne shi a Grand Rapids, Carter na cikin waɗanda suka yi jawabi a jana'izarsa.

Bai taɓa cewa ya yi nadamar afuwar ba. Shekaru da yawa yana yawo da wata 'yar takarda a walat ɗinsa, mai ɗauke da wani yanki na hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1915, wanda ya nuna cewa karɓar afuwa daidai yake da amsa laifi. Idan aka ce masa Nixon ya tafi bai amsa laifinsa ba, sai ya ciro ta ya nuna.